Taken Ƙasa a Bakin Yaran Kabi: Ana Rerawa, Ba a Jin Ma'ana

Da misalin ƙarfe takwas saura na safe, a kusan kowace firamaren gwamnati da ke Birnin Kebbi, abu ɗaya ake yi. An kaɗa ƙararrawa, masu shara sun jingine tsintsiya, yara sun yi layi aji-aji. Malami ya daka tsawa a nutsu, kowa ya ƙame, hannaye a gefe. Sai a ɗauki taken ƙasa.

Wanda ya tsaya kusa da layin 'yan aji biyu zai ji abin da na nesa ba ya ji. Karin waƙar yana nan daram, yaran sun kama shi tsaf. Kalmomin ne suka narke a baki. Duk inda baiti ya zo da kalmar Turanci mai nauyi sai murya ta yi ƙasa, a bi da gunguni, har a iso inda aka ambaci sunan Najeriya. A nan kowane yaro yake buɗe maƙogwaro, domin ita kaɗai ce kalmar da ya tabbata ya sani.

A tsakiyar 2024, da aka soke taken 1978 aka dawo da na 1960, abin ya wuce yara, ya kai ga malamansu. Mafi yawan masu koyarwa a yau an haife su ne bayan 1978, ba su taɓa rera waƙar da aka ce su koyar ba. Malami ya riƙe waya a hannun hagu, alli a hannun dama, yana kwafe baitoci a allo, yana saurare yana maimaitawa kafin ya juyo ga ɗalibai. A gida kuwa, kakannin da suka yi makaranta zamanin Sardauna da na Gowon su ne suka zama malamai, domin su kaɗai suka san inda waƙar take hawa da inda take sauka.

Mako guda a Abuja

Yadda aka yi canjin shi ne ya fara ɓata wa mutane rai. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin canza taken a ranar 23 ga Mayu, 2024, karatu na ɗaya da na biyu da na uku duk a zama guda. Majalisar Dattawa ta bi sahu ranar 28. Washegari, 29 ga wata, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya cika shekara ɗaya a kan mulki, ya sa hannu. A ranar aka rera taken a zaman haɗin gwiwa na majalisun biyu.

Ko a cikin gwamnati an samu mai cewa a bi a hankali. Ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shawarci sanatoci a wajen sauraron ra'ayin jama'a da a faɗaɗa tuntuɓa kafin a taɓa abin da ya shafi kowa da kowa. Tsohuwar ministar ilimi Oby Ezekwesili ta fito fili ta ce ita dai taken 1978 za ta ci gaba da rerawa. Masu goyon baya kuma suka tunatar da cewa babban taron ƙasa na 2014, wanda Goodluck Jonathan ya kira, ya riga ya ba da shawarar a koma wa taken 1960, saboda a ganinsu ya fi magana a kan 'yan'uwantaka da adalci.

A kasuwar Birnin Kebbi da tashar Argungu ba wannan muhawarar aka fi yi ba. A watan da aka sa hannu, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, ta abinci ma ta wuce 40. Jihar da ake taƙama da shinkafarta, mudun shinkafar ya gagari da yawa daga masu noma ta. Tambayar da ta fi yawa a bakin mutane ita ce ta yaya majalisar da ke shekara tana jan ƙafa a kan ƙudirin da ya shafi ciki da tsaro ta gama da waƙa cikin mako guda.

Gaggawar ta nuna kanta ba da jimawa ba. A watan Yuni na shekarar, Super Eagles ta kara da Jamhuriyar Benin a Abidjan, masu shirya wasa suka saki taken da aka soke. Sai da jami'an Najeriya suka yi ƙorafi aka sa sabon kafin a dawo daga hutun rabin lokaci. A watan Agusta kuma aka ji wani ƙudiri a Majalisar Wakilai mai ɗauke da sunan kakakinta Tajudeen Abbas, wanda a cikinsa aka tanadi ɗaurin shekara goma ko tarar naira miliyan 5 ga wanda ya ƙi rera taken ƙasa. Jama'a suka yi ca, aka janye shi.

Wa ya rubuta, wa ya sa kari

Taken da aka dawo da shi ɗan gasa ne. Gab da samun 'yancin kai gwamnatin tarayya ta nemi a kawo waƙa da kari. Baitocin wata Baturiyar Ingila mazauniyar Najeriya, Lillian Jean Williams, su suka yi nasara, karin kuma na wata Baturiyar ce mai suna Frances Berda. Tun a lokacin wasu jaridun Legas suka yi ta suka: ƙasar da ke sallamar Bature ta rasa ɗanta da zai yi mata waƙa? Duk da haka da shi aka ɗaga tutar kore da fari ranar 1 ga Oktoba, 1960, da shi aka shiga yaƙin basasa a 1967, da shi aka fito a 1970.

A 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, tana shirin miƙa mulki ga farar hula, ta sake buɗe gasa. An samu waƙoƙi kusan 1,500. Ba a ɗauki ta mutum ɗaya ba, sai aka tsamo baitoci daga mutum biyar aka haɗa: John Ilechukwu, Eme Etim Akpan, Babatunde Ogunnaike, Sota Omoigui da P. O. Aderibigbe. Benedict Odiase, shugaban 'yan badujalar 'yan sanda, shi ya ɗora kari. Wannan take ya yi shekara 46 a bakin 'yan Najeriya. Da shi aka rantsar da Shehu Shagari, da shi aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991.

Abin da masu jayayyar ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kai ba shi ne, ko na Baturiya ko na 'yan ƙasa, duka biyun da Turanci aka rubuta su, kuma Turanci na manya, wanda ko ɗan sakandare sai ya buɗe ƙamus. Manomin Augie, da masuncin Yawuri, da mai tallar nono a Bunza, babu wanda aka taɓa yi wa waƙar ƙasarsa da harshen da yake mafarki da shi.

Hayin iyaka

Kebbi ta yi iyaka da Nijar da Benin, kuma mutumin Kamba ba ya ɗaukar zuwa Gaya a matsayin tafiya. A can ma an canza take, shekara guda kafin Najeriya, amma ta wata fuska daban. Tsohon taken Nijar, La Nigérienne, Bafaranshe ne mai suna Maurice Albert Thiriet ya rubuta shi a 1961. An daɗe ana ƙorafin cewa wani baiti a ciki yana nuna kamar 'yan Nijar na gode wa Faransa ne da ta ba su 'yanci. A 2019 gwamnatin Mahamadou Issoufou ta sanar za a gyara, aka kafa kwamiti, aka ɗauki shekaru ana aiki. Majalisar dokoki ta amince da sabon take a watan Yunin 2023, zamanin Mohamed Bazoum, wata guda kafin sojoji su kifar da shi.

Wato a lokacin da Yamai ke cire hannun Bature daga waƙarta, Abuja ta mayar da nata. Sai dai sabon taken Nijar ɗin ma da Faransanci yake, ko da yake dokar da gwamnatin Janar Abdourahamane Tchiani ta fitar a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yaron Dosso da yaron Kangiwa, waɗanda ƙila kakansu ɗaya, kowanne yana tsayuwa da safe yana rera wa ƙasarsa waƙa da harshen wanda ya raba su.

Tsibirai biyu

Akwai ƙasashe biyu da ruwa ya kewaye waɗanda tarihin takensu ya kamata ɗan Najeriya ya sani.

Ta farko 'yar uwa ce a cikin ECOWAS. Cape Verde tarin tsibirai goma ne a tekun Atlantika, kusan kilomita 600 daga gaɓar Senegal, mutanenta kimanin rabin miliyan. Jam'iyya ɗaya, PAIGC ta Amílcar Cabral, ita ta yi gwagwarmayar ƙwatar ta tare da Gini Bisau daga hannun Fotugal. An kashe Cabral a Konakiri a 1973, amma da tsibiran suka samu 'yanci a 1975 sai suka ɗauki waƙar da ya rubuta, wadda Gini Bisau ma ke rerawa. Ƙasa biyu, take ɗaya, da niyyar wata rana su dunƙule. Juyin mulkin Nino Vieira a Bisau a 1980 ya rushe wannan buri. Duk da haka Cape Verde ba ta yi garaje ba. Ta koma tsarin jam'iyyu da yawa a 1991, ta canza tuta a 1992, sai a 1996 ta yi sabon take na kanta. Shekara goma sha shida tsakanin mutuwar dalilin tsohuwar waƙa da haihuwar sabuwa, kuma duk ɗan ƙasar da aka tambaya me ya sa aka canza yana da amsa.

Ta biyu labarinta ya fi ɗaci. Siri Lanka tsibiri ne kudu da Indiya, inda 'yan Sinhala suke da rinjaye, 'yan Tamil kuma tsiraru. Wani malamin kiɗa, Ananda Samarakoon, shi ya yi waƙar da gwamnati ta amince da ita a 1951. Da ƙasar ta shiga jerin masifu, har firaminista biyu suka mutu a kan mulki, sai wasu suka fara camfa kalmomin farko na waƙar, wai su ke jawo bala'i. A 1961 gwamnati ta canza layin farko ba da yardar mai waƙa ba. A shekarar da ta biyo baya Samarakoon ya kashe kansa, ya bar takarda yana kukan an lalata masa waƙa.

Amma babban rikicin na harshe ne. Tun farko akwai fassarar waƙar da Tamil, kari ɗaya, ma'ana ɗaya, kuma ana rera ta a makarantun yankinsu. A manyan bukukuwan ƙasa kuwa an yi shekaru da dama ba a jin ta, shekarun da suka haɗa da yaƙin basasar 1983 zuwa 2009. Ranar bikin 'yancin kai na 2016, zamanin Maithripala Sirisena, yara 'yan makaranta suka rera ta da Tamil a gaban shugaban ƙasa a Kolombo, karo na farko tun 1949. Da Gotabaya Rajapaksa ya hau mulki, aka cire ta daga bikin 2020. A Siri Lanka, harshen da aka rera take da shi ranar biki ya zama ma'aunin da tsiraru ke gane ko gwamnati mai ci tana lissafa su cikin 'yan ƙasa.

Argungu ta san take

Mutanen Kabi ba baƙi ba ne ga waƙar da ke tsayar da jama'a wuri ɗaya. Tun zamanin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame, sarauta ba ta fita shiru. Tambari da kakaki da algaita suna da abin da suke faɗa, kuma talaka yana jin maganar. A gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, har yau ana ajiye da kayan kiɗan sarauta kusa da masu da takubba, domin a wajen magabata duk kayan yaƙi ne.

Ba sarki kaɗai ke da take ba. Mahauci yana da nasa a kalangu, manomi yana da nasa a gangar noma, ɗan dambe da ɗan kokawa kowa da nasa. Mai kiɗa ba sai ya kira suna ba, da ya taɓa fata mai abu ya san da shi ake, tsikar jikinsa ta tashi.

Wanda yake son ganin wannan da idonsa ya je bakin kogin Matan Fada a Argungu ranar bikin kamun kifi. Bikin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi, aka rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Masunta dubbai suna jere a bakin ruwa, kowa da homa biyu da gora, ƙafa ɗaya a gaba. Manyan baƙi sun iso, 'yan badujala sun busa taken ƙasa, rumfar manya ta miƙe, sauran jama'a suna jira cikin ladabi a gama. Can Sarkin Ruwa ya kammala nasa, aka harba bindiga, makaɗa a cikin kwalekwale suka saki taken masunta. Ƙura ta tashi, ruwa ya koma baƙi da kawuna, dattijon da ɗazu yake dogara sanda yana ihu yana nuna ɗansa a tsakiyar kogi.

Mutanen da suka yi tsit ga waƙar farko su ne suka girgiza ga ta biyu. Ba ƙaunar Najeriya suka rasa ba, da yawansu suna da ɗa ko ƙane a soja yana fagen daga. Waƙar farko ce ba ta yi magana da su ba.

Kuma ƙasar nan ba ta rasa masu iya magana ba. Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda ake sa shi a sahun gaba na marubuta waƙoƙin Hausa na ƙarni na 20, haifaffen Jega ne. Gidan mawaƙa na Ɗandawo ya yi wa sarakunan Kabi da na Yawuri waƙoƙin da har yau ake sa su a rediyo. Kafin su duka, Malam Abdullahi na Gwandu da Nana Asma'u sun nuna hanya. Asma'u ta riƙa juya waƙoƙi tsakanin Fulatanci da Larabci da Hausa domin matan karkara su haddace su fahimta, matan da ta horar, waɗanda ake kira jaji, suna kai su ƙauye-ƙauye. Ko gwamnatin soja ta gane wannan: da za a koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, mawaƙan Hausa ne suka isar da saƙon har lungun da jarida ba ta zuwa.

Masu cewa a bar shi da Turanci

Hujjarsu tana da nauyi, bai kamata a raina ta ba. Najeriya tana da harsuna kusan 500. In aka yi na Hausa da Yarabanci da Ibo, Tibi da Kanuri da Ijo za su ce su fa? A Kebbi kanta ba Hausa kaɗai ake yi ba. Akwai Fulatanci, da Zabarmanci da Dandanci a yamma, da Dakarci a Zuru, da Kambarci da Dukkanci da Gunganci a kudu. Mutumin Zuru yana da haƙƙin ya tambayi dalilin da za a fifita harshen Gwandu a kan nasa. Turanci, in ji su, ba na kowa ba ne, don haka ba ya tsokane wa kowa ido. Wasu malamai kuma suna ganin take wata dama ce ta yaro ya saba da Turancin da zai rubuta jarrabawar WAEC da shi.

Akwai ma masu cewa duk wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi. Ƙididdigar hukumomi ta daɗe tana sa Kebbi cikin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. Yaron da yake bin shanu ko yake yawo da ƙoƙo, ba taken 1960 ya sani ba, ba na 1978 ba. A gina aji, a biya malami, a tsare makaranta daga 'yan bindiga, sannan a zo maganar waƙa.

Gaskiya ne, aji ya fi waƙa. Amma hujjar yawan harsuna ba ta hana Najeriya rubuta Hausa da Ibo da Yarabanci a ƙananan takardun naira ba, kuma sashe na 55 na kundin tsarin mulki ya ambaci harsunan uku a matsayin waɗanda majalisa za ta iya aiki da su. Afirka ta Kudu ta zuba harsuna biyar a take ɗaya a 1997. New Zealand, ita ma ƙasar tsibirai, tana fara nata da harshen Maori sannan Turanci. Babu ɗayansu da ta wargaje saboda haka. Fassara kuma ba kujera ba ce da in ɗaya ya hau ɗaya ya rasa. Yin ta Hausa ba ya hana yin ta Dakarci.

Abin da ke hannun Kebbi

Doka ta tsayar da baitocin Turanci, kuma hukumar wayar da kai ta NOA ta fitar da ƙa'ida: baiti na farko a tarukan gwamnati, na uku a matsayin addu'ar ƙasa, duka ukun sai a manyan ranaku. Babu jihar da za ta canza wannan. Amma babu dokar da ta hana a gaya wa yaro ma'anar abin da yake faɗa, ko a ba shi fassara mai kari da zai rera a aji bayan ya rera na hukuma. Waƙar tana magana ne a kan zama 'yan'uwa duk da bambancin harshe, da ƙasar da ba a zaluntar kowa a cikinta. Waɗannan maganganu ne da uwa a Gulma ko Ambursa za ta so ɗanta ya ji, ta kuma so ta riƙe shugabanni da su.

Aikin ba ya bukatar biliyoyi. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna da malaman harshe. Fadar Sarkin Gwandu Muhammadu Iliyasu Bashar da ta Sarkin Kabi Sama'ila Muhammad Mera, da na Yawuri da Zuru, sun san makaɗan da za su zaunar da kalma a kan kari ba tare da ta karye ba. Gidan rediyon jiha da Equity FM suna shiga kowane gida. Gwamna Nasir Idris kuwa malamin makaranta ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ya san abin da ake nufi da yaro ya haddace abin da bai gane ba.

Ya kamata hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta kira waɗannan mutane, a fitar da fassara ingantacciya da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci, da boko da ajami, a buga a shafi guda a raba wa firamare da islamiyya da tsangaya a ƙananan hukumomi 21 na jihar kafin 1 ga Oktoba mai zuwa.